Ciwon sikila: kurakuran da ke ƙara wa mara lafiya wahala

Kowace shekara ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da amosanin jini, wato sikila, a Najeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. Da wuya ka samu unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi da babu gidan da ake jinyar sikila. Amma duk da wannan sabo, wani kaso na wahalar da masu cutar ke sha yana fitowa ne daga hannun waɗanda suka fi kowa ƙaunarsu, ba don mugunta ba, sai don rashin sani.

Babban kuskure, wanda sauran ke biyo bayansa, shi ne rashin yarda da ciwon. "Kai dai ka cika raki." "Ɗazu fa na ga tana dariya." Ciwon sikila ba ya da rauni a fili da za a nuna, shi ya sa ake musa shi. Abin da ke faruwa a ciki kuwa shi ne ƙwayoyin jini suna sandarewa su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, ƙashi da tsoka su rasa jinin da ke kai musu iska. Yaro ƙarami zai yi ta ihu yana birgima. Wanda ya girma da ciwon kuwa ya riga ya koyi haɗiye shi: za ka gan shi kwance ya juya wa mutane baya, ya dunƙule hannu a ƙarƙashin filo, yana danna waya da ɗayan hannun don ya ɗauke hankalinsa, sai a ce ai ga shi nan lafiya lau yana hira. Gyaran mai sauƙi ne. A tambaye shi, daga 0 zuwa 10 ciwon ya kai nawa, kuma a ina yake, sannan a karɓi amsar da ya bayar. A ajiye ƙaramin littafi ana rubuta ranar da ciwo ya tashi, abin da ya gabace shi da maganin da aka sha. Bayan 'yan watanni gidan zai gane abin da ke tayar masa, likita ma zai samu abin dubawa.

Sai jinkiri. Mutane da yawa suna jira sai ciwo ya kai intaha kafin su ba da magani, alhali a farkonsa ya fi jin magani. Da zarar an ji alamarsa, a fara da ruwan sha mai yawa, kaɗan-kaɗan ba ƙaƙƙautawa, a ba da farasitamol gwargwadon yadda likita ya tsara kuma a kan lokaci, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Kada a kuskura a ɗora ƙanƙara, domin sanyi yana ƙara tsuke jijiya. Wankan ruwan randa da asuba a hunturu, dukan ruwan sama a damina, wunin rana a watan Afrilu ba shan ruwa, duk suna cikin abubuwan da ke tayar da shi.

Inda abin ya fi damuna shi ne kemis. Uwa ta kwana ba barci, asibiti da nisa, kuɗi babu, sai ta aika a kira mai kemis ɗin layi: "Don Allah ɗana, zo ka yi wa ƙaninka allurar nan ko ya samu ya runtsa." Allurar da aka fi yi ita ce fentazosin, wadda ake sayarwa da sunan Fortwin. Yau an yi, wata mai zuwa an sake, a kwana a tashi saurayi ya koyi yi wa kansa a cinya. Ƙarshenta jiki ya saba da ita, naman wurin ya taurare, gyambo ya ɓarke ya ƙi warkewa, wani ma gwiwa ta ƙi miƙewa. Diklofenak da Brufen kuma, da ake sha kullum kamar ba komai ba, suna cin ƙoda su jawo gyambon ciki, ita kuwa ƙodar mai sikila dama tana cikin haɗari. Na 'yan kwanaki ne, bisa umarnin likita, bayan an ci abinci.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskuren, har a wasu asibitoci: mai sikila ya zo yana murƙususu ya nemi magani mai ƙarfi, sai a yi masa kallon ɗan ƙwaya. Wannan zalunci ne. Ciwo mai tsanani yana buƙatar irin su mofin, a asibiti, a ƙarƙashin kulawa, cikin gaggawa. Wanda aka wulaƙanta a asibiti shi ne gobe zai koma kemis. Mafita ita ce a riƙe asibiti ɗaya mai sashen sikila, a nemi likita ya rubuta tsarin maganin mutum a katinsa, a riƙa tafiya da shi.

Zazzaɓi ba abin jira ba ne. Saifa tana taimaka wa jiki yaƙar ƙwayoyin cuta, amma ta mai sikila tana daina aiki tun yana ƙarami, don haka ƙwayar cutar da wani yaro zai shanye tana iya kwantar da shi cikin sa'o'i. Kowane gida ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan ya kai 38.5, asibiti za a nufa a ranar, ba a tsaya cewa maleriya ce a sayo magani ba. Haka ciwon ƙirji da tari da sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, kumburin ciki ta hagu tare da ɗashewar tafin hannu, da miƙewar gaba mai zafi da ta kai awa biyu ba ta kwanta ba. Wannan na ƙarshen kunya ke sa samari su ɓoye shi har a makara, don haka uba ko yaya ya kamata ya fara yi musu maganar tun kafin ta faru.

Kwanakin lafiya su ne ainihin lokacin jinya, amma a nan ake sakaci. Da an ga yaro yana wasa sai a ajiye folik asid, a ajiye Paludrine na rigakafin maleriya, a naɗe gidan sauro, a daina zuwa ganin likita. Ƙwayar maganin haidiroksiyuriya tana rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini, amma sai an yi watanni ana sha kullum kafin a ga amfaninta, tare da gwajin jini a kai a kai. Binciken da aka yi a Kano, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya nuna tana kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ana gano irin waɗannan yara ne da hoton jijiyoyin kai tsakanin shekara 2 zuwa 16. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kuwa kada a saya don an ga ido ya yi fari, domin ƙarancin jinin sikila na saurin mutuwar ƙwayoyin jini ne: suna kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Tsaga da ƙaho ba sa buɗe jijiyar da ta toshe, jini kawai suke ragewa.

Ciwon ƙugu da ya zauna wata da watanni, ana ɗingishi, ba irin na kullum ba ne. Sau da yawa kan ƙashin cinya ne ke lalacewa saboda rashin jini, kuma hoto yake buƙata da likitan ƙashi, ba ƙarin ƙwaya ba.

Damuwa ma tana tayar da ciwo, mu kuwa muna ɗora musu ita da bakinmu. Ana lissafa kuɗin asibiti a gaban yarinya, ana cewa irinsu ba sa daɗewa, ana cire ta daga makaranta wai don tausayi, alhali masu sikila suna karatu, suna aure, suna manyanta. Wasu gidajen kuma uwa ake zargi da kawo cutar, bayan kuwa yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya gada daga uwa da uba duka. Idan mai sikila ya daina barci, ya janye daga mutane, ya fara cewa ya gaji da rayuwa, a faɗa wa likita kamar yadda za a faɗi zazzaɓi. Azumi kuma, wanda ke jefa da yawansu cikin jin laifi, a tambayi likita tun kafin watan ya kama. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma malamin unguwa zai fayyace masa ko ramuwa ce a kansa ko ciyarwa.