Ƴan haya a Abuja: ku ɗauki bidiyon kayan ɗakinku

Jama'a, in kana zaman haya, yau ɗin nan ka ɗauki waya ka zagaya ɗakinka da bidiyo. Firij, talabijin, janareta, keken ɗinkin uwargida, har akwatunan lefe. Leƙa bayan firij ka ɗauki lambar da ke manne a jiki. Rasit ɗin da ka cusa ƙarƙashin katifa, ɗauki hotonsa ka tura wa kanka ta imel.

Dalili kuwa, inshorar mai gida, in ma yana da ita, ta gini ce: bango, rufi, ƙofofi. Kayanka ba sa ciki. Naka sai ka yanki inshorar kayan cikin gida da sunanka. Ranar da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, kamfani ba ya biya da fatar baki, shaida zai nema. Rasit kuma ya ƙone tare da katifar.

Mai gudun inshora saboda riba, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, ita ma NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ce ke ba ta lasisi.

Amma fa bidiyo ba ya maganin komai. Ka bar ƙofa a buɗe ka tafi masallaci aka kwashe kaya, yawanci babu biya, sai in fasawa aka yi. Mutanen Lokogoma da Lugbe, ku duba takardar inshorarku tun kafin damina, ku tabbata an rubuta ambaliya a ciki. In ba ka biya kuɗin shekara ba, babu ko sisi. Ka tashi daga Kubwa ka koma Nyanya? Sanar da kamfanin inshorarka sabon adireshi.