Kurakuran da ke nutsar da jirgin sabon ɗan wasa a Sea of Thieves da yadda ake gyara su

Tun ranar 20 ga Maris 2018 da kamfanin Rare na Ingila ya fitar da Sea of Thieves, wasan bidiyo na 'yan fashin teku da ake yi ta intanet, an yi ta ƙara masa abubuwa, har ya kai ga masu PlayStation 5 a watan Afrilun 2024. Amma akwai abu guda da ba a taɓa ba: takobin wanda ya shiga wasan yau da na wanda ya fara tun ranar farko kaifinsu ɗaya ne. Igwar jirginsu ma haka. Zinariyar da ake tarawa, galibi ado take saye, riga da hula da fentin jirgi. Don haka idan wani ya nutsar da kai cikin minti biyu, ba makami ya fi ka ba, akwai abin da ya sani wanda kai ba ka kula da shi ba. Na daɗe ina wasan nan da ƙanena da wani abokinmu, na kuma raka sababbin shiga da dama, kuma kusan kullum wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Ruwa ne ke nutsar da jirgi

Wanda ya saba da wasu wasannin yaƙi yana shigowa da tunanin cewa jirgi na da wani ma'auni na lafiya da harbi ke ragewa. Babu wannan a nan. Harsashin igwa huji kawai yake yi. Jirgi ba ya nutsewa sai ruwa ya cika shi ya kai bakin bene na sama. Ko huji goma ne a jikinsa, muddin ana kwashe ruwan da sauri fiye da yadda yake shiga, jirgin yana nan a kan teku.

Daga rashin gane wannan ne kuskure biyu suke fitowa. Na farko shi ne wanda ke maƙale wa igwa yana ta harbi alhali ƙasa ta zama tafki. Na biyu shi ne wanda da jin an same su sai ya ruga ƙasa da katako, ya tsaya toshe huji, ruwa na hawa har wuyansa. Tsarin da ya fi aiki shi ne: idan ruwa ya yi yawa, bokiti ne farko, katako ya biyo baya. Ka rage ruwan har ka samu sarari, sannan ka toshe hujin da ya fi girma, domin hujin yana da girma iri uku, kuma babban ya fi zubo ruwa, ya kuma fi cin lokaci wurin gyara. Ka tabbata ruwan da ka ɗebo ya fita waje; idan ka watsa shi ya bugi bango ko matakala, cikin jirgin yake komawa. Akwai kuma wani nishi mai nauyi da katakon jirgi ke yi idan ya kusa tafiya. Ranar da ka fara gane wannan sautin, ka saki duk abin da ke hannunka, ko sitiyari ne, ka ɗauki bokiti.

Wannan ilimin shi ne kuma ke gyara harbinka. Sababbi suna son auna saman jirgin abokin gaba saboda nan suke ganin mutane. A kan babban jirgi, Galleon, hujin da ke benen tsakiya ba ya shigar da ruwa sai ruwan ƙasa ya hau ya kai gare shi. Ka auna ƙasa, daidai inda jikin jirgi ya haɗu da teku. Harbin sama yana da ranarsa, wato lokacin da kake so ka kori masu igwarsu ko ka lalata sitiyari, amma ba shi ke kai jirgi ƙasa ba.

Anka

Ba na jin akwai ɗabi'ar da ta jawo wa sababbi asara kamar sakin anka a bar ta a ƙasa. Mutum ya iso tsibiri, ya saki anka, filafilai na nan a buɗe, ya yi tsalle ya tafi tonon akwati. Jirgin da ankarsa ke ƙasa tamkar akuya ce a turke. Idan wani ya ɓullo daga bayan dutse, kafin ka gama juya marikin anka ya riga ya jera maka igwa. A ƙaramin jirgi, Sloop, ɗaga ta bai da wuya sosai, amma a Galleon mutum ɗaya zai sha wahala.

Gyaran ba shi da wuya, sabo kawai yake so. Tun kana nesa da tsibiri ka fara naɗe filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, jirgin zai rage gudu ya tsaya da kansa. Idan lissafi ya kuɓuce maka har ka saki anka don kada ka daki dutse, ba laifi, amma ka naɗe filafilan duka ka ɗaga ta nan take. Jirgin da filafilansa ke naɗe kuma ankarsa ke sama ba ya zuwa ko'ina, sannan yana juyawa a wuri ɗaya idan ka murza sitiyari. Ka juya hancinsa ya fuskanci fili, ba tsibiri ba. Ranar gudu, igiya ɗaya za ka ja ka kama hanya.

A fagen daga ma ankar ce abin da mai hawo maka jirgi yake nema. Zai harbo kansa ta cikin igwa ko ya yi iyo, ya kama tsani, ya hau ya sake maka ita, abokansa su yi ta kewaya ka suna ɓarin wuta. Tsani biyu ne kawai a jirgi, ɗaya a kowane gefe, kuma akwai ƙarar ruwa da ake ji idan mutum ya kama shi. Duk lokacin da aka harbo mutum daga jirgin da kuke faɗa da shi, wani a cikinku ya tsaya a kan tsani da bindiga mai watsa harsashi. Haka idan ka ga 'yar ruwa, wadda ke mayar da wanda ya faɗa teku jirginsa, ta ɓullo kusa da jirginka alhali naku duk suna ciki, to akwai baƙo a cikin ruwan.

Iska da irin jirgin da ka hau

Jiragen uku ne. Sloop na mutum ɗaya ko biyu, jigo ɗaya (dogon itacen da ke riƙe filafilai), igwa biyu. Brigantine na mutum uku, jigo biyu, igwa huɗu. Galleon na mutum huɗu, jigo uku, igwa takwas. Kuskuren da ake yi shi ne gudu ba tare da duba inda iska ta nufa ba. Idan kana cikin Sloop, Galleon ya biyo ka, kuma ka sa iska a bayanka, ka ba shi abin da yake so, domin a nan ya fi kowa gudu. Ka juya ka tunkari iskar. A wannan hanyar ƙaramin jirgi ne ke gaba. Brigantine kuwa ya fi jin daɗi idan iska na bugowa daga gefe. Fararen zare-zaren da ke yawo a sama da tutar da ke kan jigo su ne ke nuna maka alkiblar iska, kuma idan ka karkata filafili daidai za ka ga ya cika ya yi tumbi, har da sauti.

Wani abin da nake gani shi ne mutum biyu su ɗauki Galleon saboda ya fi kwarjini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jirgin da ya fi ƙarfin adadinku zai gajiyar da ku tun ba a fara faɗa ba.

Dukiyar da ba a sayar ba

Nan ne zuciya ta fi ɓaci, kuma nan ne na fi so sabon ɗan wasa ya saurare ni. Akwatin da ka tono, ƙoƙon kan da ka ƙwato daga kyaftin ɗin kwarangwal, kayan fatauci da ka ɗauko, babu wanda ya zama naka sai ka miƙa shi ga mai saye a tasha. Gold Hoarders ke karɓar akwatunan dukiya, Order of Souls ke karɓar ƙoƙunan kai, Merchant Alliance kayan fatauci. Kafin nan, duk wanda ya ɗauka ya kai, shi za a biya. Haka aka gina wasan, ba zalunci ba ne a cikin dokarsa.

Na taɓa raka wasu samari biyu da suka yi kusan awa uku suna tara kaya, akwati kan akwati har ba wurin taka ƙafa. Sau biyu muna wuce tasha ina cewa mu sauke, suna cewa saura tsibiri ɗaya. A tsibirin nan ɗaya wani Brigantine ya same mu. Abin da ya dame ni ba zinariyar ba ce; ɗayansu bai sake buɗe wasan ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, kuma wahalar a nan ita ce mutum ya tsani abin da da zai ji daɗinsa shekara da shekaru. Ka sa wa kanka ƙa'ida: duk lokacin da kayan da ke jirgi suka kai yawan da rasa su zai hana ka barci, ka nufi tasha mafi kusa.

Mu da muke wasa daga wannan yanki muna da ƙarin dalili. Wasan ba a dakatar da shi. Teku na ci gaba ko kana nan ko ba ka nan. Wuta na iya ɗaukewa, intanet na iya yankewa, kuma lokacin salla ba ya jira. Idan ka san an kusa kira, kada ka ɗauki sabuwar tafiya mai tsawo. Ka sayar, ka fita, ka dawo da kwanciyar hankali.

Tutar jakadanci, wadda ke nuna kana yi wa ɗaya daga cikin masu sayen nan aiki, da aka kawo a watan Afrilun 2020, ita ma tana ruɗar mutane. Tana ƙara maka kuɗin abin da ka sayar, a mataki na 5 ƙarin ya kai kashi 150 cikin 100. Sai dai jirgin Reaper's Bones, wato masu farautar jiragen wasu 'yan wasa, da ya kai mataki na 5 yana ganin duk masu irin wannan tuta a taswirarsa. Su kuma jiragen Reaper kowa na ganinsu a taswira tun daga farko. Don haka idan ka ɗaga tuta, duba teburin taswira ya zama maka kamar duba madubin mota. Da ka ga alamarsu ta juyo wajenka, ka san abin da ke tafe. Akwai kuma akwatunan da ke zuwa da fitinarsu: Chest of Sorrow kuka yake yi yana cika jirgi da ruwa, Reaper's Chest kuwa yana nuna wa kowa inda kake.

Ido da guzuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka bar tasha, ka zagaye gangunan da ke wurin ka kwashi harsashin igwa da katako da abinci ka zuba a na jirginka. Ayaba ce mafi rauni wurin mayar da lafiya, abarba ce mafi ƙarfi, don haka a ajiye abarba da dafaffen nama don ranar faɗa. Harsashi mai sarƙa na karya jigo ne, kada a ɓarnatar da shi a jikin jirgi. Bindiga harsashi kaɗan take ɗauka, ka san inda akwatin harsashi yake a jirginka tun kafin ka buƙace shi. Idan ka ɗora nama a wuta kada ka manta da shi, yana ƙonewa ya tayar da gobara.

Gangar albarushi kuwa, shawarata ga sabo ita ce ya bar ta inda ya gan ta. Harbi ɗaya daga nesa ya isa ya tashe ta. In ya zama dole, a kai ta can saman jigo, kada a ajiye ta a ƙasa kusa da mutane.

Fitilun jirgi suna da kyau da dare, amma daga nesa ake hango su. Ka kashe na waje. Kuma kowane 'yan mintoci, ko kana tsakiyar tono, ka hau tudu ka ɗaga madubin hangen nesa ka kewaya da shi ta kowace fuska. Yawancin waɗanda ke cewa an yi musu ba-zata, jirgin ya daɗe a fili yana tahowa, ba wanda ya ɗaga kai.

Gudun faɗa har abada

Na fahimci mai gudu, musamman mai wasa shi kaɗai. Amma wanda bai taɓa tsayawa ba ba zai koyi auna igwa ba, kuma ranar da aka rutsa shi hannunsa rawa zai yi. Hanyar da ta taimaki ƙanena ita ce ware wasu ranaku da ba a ɗaukar kaya ko ɗaya: a cika jirgi da harsashi da katako, a fita neman jiragen kwarangwal, daga baya a gwada na mutane. In an nutse, ba a rasa komai ba sai minti kaɗan a Ferry of the Damned, jirgin da matattu ke jira kafin su dawo, sannan a sami sabon jirgi kyauta.

Tun watan Disamba 2023 akwai Safer Seas, inda kai da abokan tafiyarka kaɗai ne a teku. Lokacin da aka kawo shi ladansa bai kai na babban teku ba, amma wuri ne mai kyau na koyon tsayar da jirgi ba anka, da karanta taswira, da saba wa hadari, inda kamfas ke juyawa barkatai kuma ruwan sama ke taruwa a cikin jirgi. Abin da ba zai koya maka ba shi ne halin mutane: wanda zai ɗaga tutar ƙawance ya raba riba da kai da gaskiya, da wanda zai ɗaga ta don ya ga inda kake a taswira. Idan kun ƙulla ƙawance da wani jirgi, ku yi aikin tare, amma mutum ɗaya ya zauna a jirginku, filafilai a naɗe, anka a sama.