CPU na switch ya haura? Kada ku yi saurin kashe shi

Jama'a, in switch ɗinku na Cisco (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna ta waya) ya fara nauyi, wato aiki ya yi wa CPU, ƙwaƙwalwar na'urar, yawa, kada ku kashe ku kunna tukuna. Kashewar tana goge bayanan da za su nuna muku mai laifi.

Ku fara buga wa switch ɗin umarnin show processes cpu sorted. A layin farko za ku ga lamba biyu a haɗe, misali 95%/70%: ta farko jimillar aikin CPU ce, ta biyu kuma kason da ke tafiya wajen katse aiki don karɓar saƙonni. Ta biyun ku duba. In ta yi sama, saƙonni ne ke yi wa CPU ambaliya, kuma wataƙila wani ne ya soka bakin waya ɗaya biyu a ramukan switch biyu, saƙo na ta zagaye ba tsayawa. Masu haɗa ƙaramin switch na kasuwa a ƙarƙashin tebur sun ƙware a wannan!

Sai ku buga show logging, ku nemi layin gargaɗi mai kalmar MACFLAP. Zai faɗi ramuka biyun da adireshin na'ura ɗaya ke tsalle tsakaninsu. Ku rufe ɗaya, nan take nauyin zai sauka.

Amma in lamba ta biyu ƙarama ce, mai yiwuwa ba waya ba ce. Ku duba jerin da ke ƙasa: ko SNMP (hanyar da manhajar sa ido ke tambayar lafiyar switch) ne ya matsa da tambaya, ko wani ya bar debug (umarnin bin diddigin matsala) a kunne. Na ƙarshen, undebug all ya wadatar.