Yadda Ake Haɗa Kwanon 'Ya'yan Itatuwa da Amfanin Gonar Gida

Yawancin girke-girken da ke yawo a intanet an rubuta su ne a ƙasashen da tuffa da inibi suke da araha, shi ya sa uwargida a Jos takan ga kuɗin cefane ya ƙare kwano bai cika ba, musamman tun faɗuwar darajar naira a 2023.

Da farko, ki zauna da jerin kayan haɗin, ki tambayi kanki daga ina kowanne yake zuwa. Tuffar nan mai sheƙi da ƙaramar takarda manne a jikinta, galibi daga Afirka ta Kudu take, kuma idan kika duba kwalin da mai tebur ya jingine a gefe, za ki ga sunan ƙasar a rubuce. Ta yi makonni a ɗakin sanyi da cikin jirgin ruwa kafin ta iso kasuwar Taminus ta Jos, kuma duk wannan tafiyar ke ce za ki biya.

Na biyu, ki nemi madadi ta hanyar duba aikin da kowane ɗan itace yake yi a kwanon. Idan ɗan tsami ake so, abarbar da ake kawowa daga kudu ko lemon Binuwai sun wadatar. Idan zaƙi ne, a yanka dabinon Dutse a gurbin zabibi. Inibi ma ana noma shi a Kudan ta jihar Kaduna.

Mataki na uku shi ne bin lokaci, kuma nan ne mu mazauna Filato muka yi sa'a. Tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma sanyinsa ne ya sa sitiroberi ke yi a Chaha, kusa da Vom. Da hunturu yake nuna, sai ya ja baya idan zafi ya shigo, lokacin da mangwaro ke karɓar kasuwa. Sitiroberi ba ya jure ajiya, don haka ki saya da safe, ki ɗaga na sama ki duba na ƙasan robar, kada kuma ki wanke shi sai za ki yanka. A ganina, wanda aka tsinka jiya ya fi duk wani na kanti ƙamshi nesa ba kusa ba.

Na huɗu, ki tambayi mai sayarwa kai tsaye: "Malam, wannan na ina ne, yaushe aka sauke?" Kasancewar kaya na gida ba ya nufin ba shi da illa, domin hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi kan nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabait. Idan bawo ya yi rawaya fes amma ba ƙamshi, cikin kuma da tauri, ki bar shi.

A gida, ki wanke komai da ruwa mai tsabta, ki fara yanka abarba da gwanda da kankana, ki matsa lemon tsami a kan ayaba don kada ta yi baƙi, sannan ki zuba kindirmo da cokali biyu na zuma, sitiroberi kuma a sama daf da lokacin ci.