Kurakuran da ke hana albasa yin babban kai a lambu

Wanda ya dasa ƙananan kawunan albasa maimakon ya yafa iri ya rage wa kansa wahalar makonni, domin ɗan kan yana ɗauke da guzurinsa, da ya ji danshi sai ya tashi. Amma sau da yawa a zo cira a tarar kawunan ba su fi ƙwan kaza ba, sai a ɗora wa ƙasa laifi. Galibi ƙasar ba ta yi komai ba.

In ka yanka albasa ka ga zobe-zoben nan da ke ciki, kowanne gindin ganye ne da ya kumbura. Ganyen lawashi da yawa masu kauri su ne babban kai, ganye biyar sirara kuwa ɗan ƙaramin kai za su ba ka. Da zarar albasa ta soma yin kai, ta kusa daina fitar da sabon ganye. Ke nan duk gatan da za ka yi mata, kafin wannan lokacin ne yake da amfani, kuma kusan kowane kuskure da zan ambata ganye yake cinyewa.

Tun wurin zaɓe ake fara ɓata aiki. Ido yana son babba, sai mutum ya tsince manyan kawuna yana zaton su ne za su fi girma. Albasa tsiro ce mai shekara biyu: ta farko ta tara abinci, ta biyu ta yi fure. Ɗan kan da ke hannunka ya riga ya yi zango ɗaya, in kuma ya girma da yawa sannan sanyi ya buge shi, sai ya miƙa kara ya yi fure, abincin da ya kamata ya tafi kai ya tafi can. Nemi masu tauri, marasa tsiro, waɗanda faɗinsu bai wuce santimita 1.5 zuwa 2 ba. Manyan ka dasa su gefe don lawashi. Wadda ta riga ta fitar da kara, karya shi ka cire ta ka ci da wuri, ba ta ajiyuwa.

Sai maganar da na fi jin takaicin yadda ake tsallake ta, wato tsawon yini. Albasa ba ta yin kai don ta kai watanni kaza a ƙasa, hasken rana take aunawa. Akwai mai soma kai in yini ya kai awa 10 zuwa 12, irin su Red Creole da Texas Early Grano. Akwai mai jiran awa 14 zuwa 16, irin su Sturon da Stuttgarter. In aka dasa mai son dogon yini a ƙasa mai zafi inda dare da rana kusan kunnen doki suke duk shekara, lawashi zai yi kyau har ya ba da sha'awa, amma kai babu. In kuma aka dasa mai gajeren yini inda rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, tana da ganye huɗu ko biyar za ta kama yin kai, ta tsaya a nan. Taki ba ya gyara wannan, ruwa ma haka. Ka tambayi wace iri ce kafin ka saya. Makara wajen dashe ma sakamakonta ɗaya ne, domin lokacin yin kai zai riske ta ba ta tara ganye ba.

Wajen dashen, kada ka danna ɗan kan cikin ƙasa mai tauri da yatsa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa dunƙulewa take yi, saiwa ta kasa shiga, sai ta turo shi sama. Sassauta ƙasar, ka yi ɗan rami, ka ajiye shi tsininsa na kallon sama, ka rufe har sai bakin kawai ake gani. In tsuntsaye na tsige su, yanke busasshen bakin ko ka rufa musu raga har su kama. Binnewa da zurfi na matse kai, haka ma tara mata ƙasa a gindi kamar dankali. Albasa a saman ƙasa take zama, kafaɗunta a waje.

Tazara kuma, ƙaramin fili na sa mutum kwaɗayin cusawa. Santimita 10 tsakanin kai da kai zai ba da matsakaita, 15 zai ba da manya, tsakanin layi da layi 25 zuwa 30.

Saiwar albasa gajera ce, ba ta da yawa, ganyenta kuma siriri ne a tsaye, ba ya yi wa ƙasa inuwa. Shi ya sa ciyawa ke cin galaba a kanta cikin sauƙi, musamman a makonnin farko. Cire ta da hannu tun tana ƙarama, domin fartanya in ta matso kusa saiwar take yankewa. Gajertar saiwar ce kuma ta sa ba ta jure ƙishi. Ban ruwa a kai a kai ya fi a bar ta ta bushe sannan a yi mata ambaliya, wanda kan sa kai ya tsage ko ya rabu biyu. Ruwa ya kwanta mata kuwa, ruɓewa ce.

Taki ma akwai lokacinsa. Takin gargajiya ya zama ruɓaɓɓe, a haɗa shi da ƙasa tun kafin dashe, ɗanye yana ƙona saiwa yana kawo ciyawa. Mai ƙara ganye, irin yuriya, a ba ta kaɗan-kaɗan tana ƙarama. Da ka ga ƙasa na tsagewa a gindi kai ya soma turowa, tsaya. Wanda ya ci gaba zai samu albasa mai kaurin wuya, wadda ba ta bushewa da kyau kuma ita ke fara ruɓewa a ajiya.

Tsinkar lawashi don girki daga wadda kake so ta yi kai, zobenta kake ragewa. Haka masu lanƙwasa wuyan ganye wai don kai ya ƙara girma: hanyar abinci suke tarewa, su kuma buɗe wa cuta ƙofa. Bar ta ta kwanta da kanta.

Kada ka maimaita albasa ko tafarnuwa a wuri ɗaya sai bayan shekara 3 ko 4. In ka ga ganye na rawaya, ka cira ka tarar da farin abu kamar auduga a gindi da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wannan cuta na iya zama cikin ƙasa shekara 15 ko fiye. Cire su da ƙasar da ke jikinsu ka ƙone, kada su shiga ramin taki, ka kuma wanke kayan aikinka kafin ka taɓa wani wuri.

In ganye ya fara kwanciya, janye ruwa. Rabi ko fiye ya kwanta, cira a ranar da babu ruwan sama, ka shimfiɗa su a inuwa mai iska mako 2 zuwa 3, har wuya ya bushe ƙayau ɓawo na ƙara in an taɓa. Sannan ne za ka yanke ganyen, ka bar kamar santimita 3 a saman kai.