Yadda ake haɗa tarihin rayuwar Kaka, tsohuwar nas a ƙasar Katsina, don sujadar tunawa da ita

Jana'iza takan zo da gaggawa, shi ya sa tarihin da ake karantawa a majami'a yakan fito a gurguje: an haife ta, ta yi aure, ta yi aikin asibiti, tana ƙaunar Ubangiji. Kowa ya ce amin, amma da za a cire sunanta a sa na wata tsohuwa, babu mai ganewa. Sujadar tunawa da iyali kan shirya daga baya ita ce damar gyara wannan. A ba aikin mako shida, a ɗora shi a wuyan mutum biyu kacal: mai tattarawa da mai rubutawa. Kwamitin mutum goma sai taro, ba rubutu.

A fara da adakarta kafin a fara da bakin mutane. Abin da ake nema: takardar baftisma, ta aure, ta kama aiki, ta ƙarin girma, ta ritaya, da lasisinta na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya. A buɗe Littafi Mai Tsarki nata, musamman shafukan farko da na ƙarshe. Tsofaffin nas-nas mutanen rubutu ne; sau da yawa a nan za a tarar da ranakun haihuwar 'ya'ya da jikoki, da ayoyin da ta ja wa layi har biro ya huda takarda.

Shekarun haihuwa ne ke fara jawo gardama. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu ba kullum take daidai ba, domin an sha rage shekaru don shiga makaranta ko aiki. A auna ta da wasu abubuwa. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya cika shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa, don haka takardar ritaya tana taimakawa wajen lissafi. A kuma tambayi sa'o'inta da abin da ba a mantawa: tana aji nawa aka sami 'yancin kai a 1960? Goyon wa take yi da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973? Tana wane asibiti Sarkin Katsina Usman Nagogo ya rasu a 1981? Idan duk da haka bai fito ba, a rubuta "wajen shekara ta kaza", ya fi a ƙaga rana da wata.

Kada sunan jiha a takardunta ya ruɗa ku. Daga 1967 zuwa 1976 Katsina tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, sannan Jihar Kaduna, sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Wadda hatimin takardarta ya ce Kaduna mai yiwuwa ba ta taɓa barin Katsina, Daura ko Malumfashi ba. Matsayinta kuma a rubuta shi yadda yake a takarda. A unguwa duk mai farin kaya "Sista" ce, amma nas daban, ungozoma daban, ma'aikaciyar lafiyar al'umma daban, kuma abokan aikinta za su zauna a layin gaba suna saurare.

Sai mutane. A je wa kashi huɗu: tsofaffin abokan aiki, 'yan Zumuntar Mata, maƙwabta, da 'yan'uwanta na jini. A je da ƙafa, a gaisa sosai, a nemi izini kafin a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya. Minti ashirin zuwa talatin ya isa ga tsoho. Tambayar "Yaya halinta?" ba ta haifar da komai sai "Mutuniyar kirki ce." A ce, "Mama, in kuna aikin dare tare, me take fara yi in ta karɓi ɗaki?" ko "Baba, da aka buga mata ƙofa tsakar dare, me ta ɗauko?" Nan za a ji labarin tocila da jakar da ba ta rabuwa da almakashi da auduga, ko yadda take tafasa allura a zamanin da ba a yar da sirinji. Maƙwabta Musulmi kada a tsallake su. Sau da yawa su suka fi sanin haihuwar da ta karɓa ba ta amshi ko sisi ba, da yaran da ta bi gida-gida har aka kai su rigakafi.

Akwai abin da ba a sawa ko da an ji shi. Sirrin majinyaci ba ya mutuwa da mutuwar nas. Idan ta yi aiki a wuri irin Babbar Ruga, wanda ya fara a matsayin asibitin kutare kafin ya zama cibiyar aikin yoyon fitsari, a faɗi wurin da irin aikin, amma ban da suna, ƙauye ko hoton wadda ta yi jinya. Haka waɗanda ta biya wa kuɗin makaranta a ɓoye: sai in su da kansu suka ce a ambace su.

Tarihin da za a karanta kada ya wuce kalma 700, wato kamar minti shida. A jera shi haka: asalinta da iyayenta, karatu da baftisma, aiki wuri bayan wuri da shekarunsa, hidimar ikilisiya da ta unguwa, sannan iyali. A kowane sashe a sa abu guda da aka gani da ido maimakon jerin yabo. Ayar da za a rufe da ita a ɗauko daga waɗanda ta ja wa layi. In babu, Zabura 23 ko 2 Timoti 4:7 sun saba zama a wannan gurbi. Jerin waɗanda ta bari shi ne mafi haɗari. A tura wa kowane ɗaki ya duba nasa, a yanke shawara tun wuri kan 'ya'yan riƙo, domin mace irin wannan ba ta rasa su, kuma mantuwa da suna ɗaya kan bar tabon da ya fi shekara.

Wajen bugawa, ƙaramin littafi na takardar A4 da aka ninka biyu yana tafiya ne huɗu-huɗu: shafi 8, 12 ko 16. Goma sha biyu ya ishi tsarin sujada, waƙoƙi uku, tarihi da hotuna. Hoton da ya bi ta WhatsApp yakan fito dishi-dishi saboda manhajar tana matse shi. A kai ainihin hoton a yi masa sikanin, ko a tura shi a matsayin fayil. A ba mai bugawa PDF, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ kan rikiɗe su koma akwatuna a kwamfutarsa. A karɓi kwafi ɗaya na gwaji, wanda bai sa hannu a rubutun ba ya karanta shi da ƙarfi, sannan a ba da izinin buga sauran, da ƙarin kwafi talatin don dangin nesa.

Ranar sujada, a ba fasto sunayen masu ba da shaida tun kafin lokaci: mutum huɗu, minti uku-uku, ɗaya daga kowane kashi. In aka bar makirfo a buɗe, rana za ta yi tsaka ba a kai ga wa'azi ba. A sa lokaci da safe yadda baƙi Musulmi za su samu azahar, a kuma sanar da su cewa mahaucin gari ne ya yi yankan. Mai karanta tarihi ya kasance wanda muryarsa ba za ta karye ba, wani kuma ya tsaya kusa da kwafi na biyu a hannu. Muryoyin da aka ɗauka a adana su wuri biyu, a rubuta sunan mai magana da kwanan wata a kan kowanne.