Yadda nake lallaɓa amosanin gaɓɓai

Ɗinki nake yi a Tudun Wada, sai ga shi da asuba yatsuna sun sandare, ko maɓalli ba na iya sawa sai bayan awa guda. Na ce sanyin hunturu ne, na yi ta shan maganin kemis. Ashe garkuwar jikina ce ke cin gaɓoɓina.

'Yar'uwa, in kumburin ya kama hannuwa biyu lokaci guda kuma ya ƙi tafiya, je asibiti a gwada jininki. Gaɓar da ta riga ta karkace ba ta miƙewa.

Ciwon ba ya warkewa kwata-kwata, amma yana lafawa. Ni methotrexate aka ba ni: sau 1 a mako, ba kullum ba! Kuskure a nan na iya kisa. Na ware masa Juma'a, folik asid kuma, wato bitamin da ake haɗa mini da shi, wata ranar daban. Yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kada ki gaji ki ajiye. Riƙa zuwa gwajin hanta da jini. In kina neman haihuwa, faɗa wa likita tukuna, don yana cutar da ɗan tayi.

Da safe nakan tsoma hannuwa a ruwan ɗumi, in lanƙwasa yatsu, sannan in hau keke.